Maɓallin "Ban Gane Ba"

Yara ne suka laƙaba mata Malama In-Sake, domin ba ta taɓa gama bayani ba tare da ta leƙa fuskokinsu ta ce, "In sake?" ba. Lissafi take koyarwa. Da makarantarsu ta rufe, wani tsohon ɗalibinta da yanzu ake kira Injiniya ya ɗauke ta a kamfaninsa na karatu ta intanet. Aka ba ta ɗaki kamar akurki, da kyamara, da fitila mai kashe ido.

Abin da ya hana ta sakat shi ne yaran sukan kashe kyamarorinsu. Ba ta ganin wanda ya yi zuru, balle ta san an bar shi a baya. Wata rana ta tare Injiniya a bakin matakala.

"Ɗana, ku sa musu wani ɗan maɓalli mana. Yaro ya danna a ɓoye in bai gane ba, ni kaɗai in gani."

"Mama, ki bar mana wannan ɓangaren," in ji shi, idonsa na kan waya.

Ba a jima ba maɓallin ya fito. A taron ma'aikata Injiniya ya ce dabarar ta faɗo masa ne yana aski. Malama ta tafa tare da kowa. Ita dai yaranta sun samu.

Ta riƙa ce musu, "Ku danna, ba abin kunya ba ne." Suka kuwa danna. Sauran malamai suka gane inda aka dosa, suka ja wa nasu kunne cewa duk wanda ya taɓa shi za a kira babansa.

Da aka tashi rage ma'aikata, na'ura aka tambaya ajin wa ya fi danna maɓallin. Injiniya ya kira ta ofis, bai ko ce ta zauna ba.

"Mama, ajinki ne kan gaba a rashin ganewa."

"Ai ni na ce su danna."

"To kin ga ke ma kin faɗa da bakinki."

Ta roƙi a bar ta ta yi sallama da yaran. Ya ce an riga an rufe shafinta. Mai gadi ya miƙo mata gilashinta da kofin shayinta a leda.

Darussan da ta ɗauka a bidiyo ba a jefar da su ba. An goge fuskarta, an sa zanen wata zomanya mai motsa baki da muryarta, ana sayarwa. Maƙwabciyarta har ta zo tana yaba zomanyar, wai ta fi malaman mutane haƙuri.

Yanzu tana tsaron shagon kayan wuta na surukinta. Ya gargaɗe ta kada ta riƙa jan masu sayayya da surutu. Ta miƙa kaya kawai, in sun yi tambaya ta ce su jira shi.