Kwana Ukun da Na Tsara wa 'Yar Fari

Tun da aka haife ta ban taɓa kiran sunanta ba. 'Yar fari ce, mu kuwa mutanen Zandam, ko da yake fillanci ya gudu daga bakinmu tun zamanin kakanni, kunyar ɗan fari tana nan daram. Ba ka ɗaukarsa a gaban mutane, ba ka yi masa wasa, ba ka ambaton sunansa. In ta kama dole, sai ka ce "yarinyar nan". Uwarta ta rasu tana 'yar shekara biyu. Yayata da ke aure a Birnin Kudu ta zo ta goye ta ta tafi da ita, ban ce uffan ba, don da na ce wani abu da na zama abin dariya a dangi. Ni kuma aka tura ni koyarwa Gwaram, aka ba ni ɗaki ɗaya a bayan makaranta, daga ni sai rediyo da buta da kofin shayi guda.

Duk ƙarshen wata nakan hau mota in je gaishe da yaya. Yarinyar takan fito ta durƙusa daga nesa ta ce, "Malam, ina wuni?" In ce, "Lafiya," ina kallon takalmina. Malam take ce mini kamar yadda kowa ke cewa, mijin yaya shi ne Baba. Abin haushin, kowace safiya ina buɗe rajista in kira sunayen 'ya'yan mutane ɗaya bayan ɗaya. Akwai ma wata a ajina mai irin sunanta. In na zo kanta sai in tsallake, in ɗaga kai in ce, "Ke ta bakin taga, kin zo?" Yara suna dariya, sun ɗauka tsokana ce.

Shekarar da ta cika tara, lokacin da kuɗin mai suka shigo ƙasa kowa yana sayen babur da rediyo, aka yi wa mijin yaya canjin wurin aiki zuwa Ikko. Za su tashi mako biyu bayan ƙaramar Sallah, da ita. Ikko kuwa a wancan zamanin, wanda ya tafi sai dai wasiƙa. Na dawo Gwaram ran nan ko abinci ban iya ci ba. Yarinya za ta tafi ƙarshen duniya, ba ta taɓa jin wata magana daga bakina ba ban da "lafiya".

Direban motar da nake hawa, wani sarkin surutu, shi ya ba ni labarin filin wasan da aka buɗe a Kano kusa da gidan namun daji. Ya ce akwai ɗan ƙaramin jirgin ƙasa, da motocin yara masu karo da juna, da wani lilo na ƙarfe mai inji, kamar ƙafar keke a tsaye, tsayinsa ya fi rimi, da kujeru a rataye, mutum biyu-biyu.

Na ce, "Mutum biyu kacal?"

Ya ce, "Kacal, Malam. A rufe ku da ƙarfe a yi sama da ku, ba mai jin ku sai Allah."

Daga nan ban ƙara jin sauran surutunsa ba.

Sai shawarar kwana nawa za a yi. Hedimastanmu ya ce, "Haba Malam, lilo ne fa, ba aikin Hajji ba. Ka je da safe ka dawo da yamma." Direba ya ce kada in kuskura in je cikin kwanakin Sallah, cinkoso zai hana ni ko ganin ƙofa, in bari sai an kwana biyar. Na ɗauki shawararsa kan rana, amma kwanakin ni na yanke: uku. Ba don wasannin ba, ni ina ruwana da motoci masu karo. Na san ranar farko kunya za ta hana ta ɗaga kai. Rana ta biyu, a gaban giwa da birai, ƙila ta saki jiki. Ta uku, ranar lilo, ƙila mu yi magana. Na ja layuka a takarda na tsara komai kamar jadawalin darasi, har da lokacin cin abinci. Malamin makaranta dai ba ya barin halinsa.

Masauki ne ya fi ba ni ciwon kai. Maganar otal ba ta taso ba. Malamin makaranta da 'yar shekara tara a otal? Kafin in dawo labarin ya riga ni isa Gwaram. Akwai gidan Gwaggo, ƙanwar mahaifinmu, a Fagge, amma na san gidan sarai. Da mun shiga za a haɗiye yarinyar a cikin gida, ni kuma a shimfiɗa mini tabarma a zaure, idon dangi a kaina, kunyar da na gudo mata ta riga ni zama. Sai na rubuta wa wani abokina da muka yi kwalejin horon malamai tare, yana koyarwa a Kano. Ya amsa cewa zai tafi garinsu hutu, ciki da falonsa suna nan, ya aiko mini da mukulli a cikin ambulan. Na sayi sabuwar tabarma da bargo. Na sayi kofi na biyu.

Roƙon yaya ma sai da na yi kwana-kwana. Ba a cewa "ina so in fita da 'yata". Na ce, "Za ni Kano, na ce ko yarinyar nan za ta ga gari kafin ku tafi." Yaya ta daɗe tana kallona. Ta gane, wallahi ta gane. Ta ce, "To." Sannan ta miƙo mini ƙwaryar man shanu ta ce in kai wa Gwaggo.

A mota ta zauna ta bakin taga, ni ina gefenta, ba wanda ya ce ƙala. A Wudil na sayi rake na miƙa mata ina kallon wani wajen. Ban damu ba, haka jadawali ya ce ranar farko za ta kasance.

Mun sauka tasha kafin azahar, a nan na tafka wautar da har yau in na tuna sai in ji kamar in mari kaina. Da na fara zuwa ɗakin abokina na ajiye kaya, na je gaisuwa hannu sake, da shi ke nan. Amma gidan Gwaggo na kusa da tasha, man shanu yana narkewa, kuma an tarbiyyantar da mu ba a shiga gari a wuce ƙofar babba. Ƙafafuna suka kai ni, jaka a hannu, tabarma a hammata.

Gwaggo ba ta ko gama amsa gaisuwa ba ta ce a shigar da kayan.

Na ce, "Gwaggo, ai muna da masauki."

"Masauki? A garin nan? Ina raye?" Ta kama kiran sunan mahaifinmu tana hawaye, wai da yana duniya ba za a yi mata haka ba. Sai ta share ido ta dube ni ta ce, "Kuma kai da 'yar fari, ku kaɗai a gida? Bokon ne ya cinye maka kunyar?"

Kafin in buɗe baki mata sun ja hannun yarinyar sun yi ciki da ita. Aka shimfiɗa mini tabarma a zaure, tabarmar da na saya da hannuna.

Washegari Gwaggo ta jero mini gidajen da zan shiga: nan ta'aziyya, can barka, can dubiya. Ba a musu da Gwaggo. Na yi ta zaga Kano a ƙafa ina cewa "ya muka ji da haƙuri" ga mutanen da ban taɓa gani ba. Da na dawo da la'asar aka ce ɗan Gwaggo ya kwashi yaran gidan duka a sabuwar motarsa ya kai su gidan namun daji, har sun dawo. Ina zaune a zaure na jiyo muryarta ta bayan katanga tana ba da labarin giwa, tana ƙyalƙyala dariya. Ran nan na fara jin dariyarta, da katanga a tsakaninmu. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma ba wanda zan yi wa faɗa, don kowa alheri yake ganin ya yi mini. Na zauna ina juya mukullin abokina a aljihu.

Rana ta uku motarmu za ta tashi bayan azahar. Da safe na tsaya a ƙofar tsakar gida na shirga ƙarya, Allah Ya yafe mini. Na ce yaya ta ce a sayo wa yarinyar nan takalmin tafiya, sai an gwada a ƙafarta, daga kasuwa kuma tasha za mu wuce. Gwaggo ta so ta haɗa mu da rakiya, na ce lokaci ya ƙure, na suri jaka.

Ashe filin ba ya buɗewa sai hantsi ya dubi ludayi. Muka tsaya a ƙofa da kayanmu kamar 'yan ci-rani. Da aka buɗe, ban ko kalli jirgin ƙasan da motocin ba, na nufi layin lilo, tana biye da ni. Aka zaunar da mu, aka ja ƙarfe aka rufe.

Tabɗijam! Ni da ban taɓa hawa abin da ya fi rumbu ba. Na kama salati a zuci. Da muka kai can ƙololuwa sai injin ya tsaya, ana ɗaukar wasu a ƙasa. Kujerar tana reto, ga Dala, ga Goron Dutse, ga rufin gidaje iya ganinka, kuma duk faɗin wurin nan ba wanda ya san ɗan wane ne ni. Sai na ji an damƙe hannun rigata. Yarinyar ce, ta runtse ido.

Na kira sunanta. Na ce, "Buɗe idonki, ba abin da zai same ki."

Ta buɗe. Ba garin ta kalla ba, ni ta kalla. Ta ce, "Malam, ashe ka san sunana?"

Na ce, "Ni na zaɓa miki shi. Ni na faɗa miki shi a kunne ranar da aka haife ki."

Ba ta saki rigar ba. Injin ya tashi, muka zaga sau uku ko huɗu, ban ƙirga ba. Da aka buɗe ƙarfen ta saki rigata, ta koma bayana kamar yadda aka koya mata. Na saya mata takalmin a hanyar tasha, don kada ƙaryar ta zauna ƙarya.

Sun tafi Ikko a ranar da aka sa. A can ta girma, a can ta yi aure, har yau kuma Malam take ce mini. Kwana uku na tsara, abin da na samu bai kai lokacin da shayi zai huce ba.

Na koma Gwaram na kife kofi na biyu a kan taga. Ranar da aka koma makaranta na buɗe rajista, ina kira suna amsawa, har na zo kan ta bakin taga. Ban tsallake ba, na kira sunan da ƙarfi. Yarinyar ta zabura ta ce, "Na'am, Malam!" 'Yan aji suna jiran in ci gaba. Na kasa. Na ce wa monita ya ƙarasa kiran, na fita na zaga bayan aji.