Kwazazzabon Hagu

Jiya ɗiyata ta tambaye ni dalilin ɗingishina, sai Baffa ya faɗo mini a rai, yayan mahaifina.

Shi yake haɗa mu tseren hawan dutse a bayan kwarin Ranuna, mu samarin unguwa, kowace Juma'a bayan asuba. Ka taɓa tutar da ke sama, ka sauko ta inda ka ga dama. Yakan tsaya a ƙasa da agogo a hannu, yana kurɓar shayin na'ana'a, yana cewa, "Gudu kowa ya iya, hanya ce ba ku sani ba."

Wata safiya, ana saura mako guda mu kara da samarin unguwar Bani Harisa, ya ja ni gefe. "Ya waladi, ɗana, yau ka sauko ta kwazazzabon hagu, ya fi kusa." Daɗi ya kama ni, don bai taɓa keɓe ni da magana ba. Ɗansa Usama kuwa ya bi tsohuwar hanya.

Baƙar tsakuwar wurin ta zame da ni. Na ji ƙarar ƙashin idon sawuna tun kafin zafin ya iso. Na daɗe kwance, bakina cike da ƙasa, rana na gasa mini ƙeya.

Da Baffa ya ƙaraso, bai dubi ƙafata ba. Gangaren ya tsaya yana kallo, sannan ya juya ga Usama. "Halas, shi ke nan, ka gani? Ranar gasa kada ka bi ta nan."

Har ya rasu bai ba ni haƙuri ba, ni ma ban tayar da zancen ba. Ya Allah, na yafe masa iya abin da zan iya. Sauran, Ka yafe masa Kai.