Kawu Ikimata, Mai Tsaron Muryoyin Ƙauyenmu

Ƙarfe bakwai na safe Kawu Ikimata Pulehetoa yake jingine kekensa a bayan cocin ƙauyenmu. A hanya yakan wuce gidaje goma sha ɗaya da ciyawa ta cinye, masu su duk sun koma birnin Auckland, can ƙetaren teku, kuma kowane gida sai ya gaishe shi da sunan mai shi. Na taɓa yi masa tsiya a kan haka, ya ce ai su ba sa katse masa magana kamar ni.

Yakan buɗe wani ƙaramin ɗaki a bayan cocin mai warin gishiri, ya goge ƙurar tsohuwar kwamfuta, ya kasa kunne ga ƙarar faifanta biyu. A cikinsu muryoyin tsofaffinmu suke: waƙoƙi, jerin kakanni, iyakokin gonakin gwaza. Shekara ashirin yana ɗaukar su, matarsa Fakahula tana yi wa tsofaffin tambayoyi. Yawancinsu sun rasu, ita ma ta bi su shekara shida da suka wuce. A duk tsibirin Niue babu wani wajen da za ka ji su sai nan.

Bara Finemata, jikar limaminmu, ƙwararriya a aikin kwamfuta, ta zo daga Auckland da sabbin faya-fayai. Ina wurin, na kai masu dafaffiyar gwaza. Ta kunna na'urar ta shiga shuɗin allon nan da ke fitowa kafin kwamfuta ta gama farkawa, inda ake ɗaura faya-fayai da juna ko a kwance su. Nufinta ta kwance tsohon haɗin, ta ajiye faifai ɗaya a akwati don tarihi. Allon ya tambaye ta ko ta tabbata. Yatsanta na kan maɓalli Kawu ya riƙe mata hannu.

"'Yata, dakata."

"Haba Baba, ai tagwaye ne. Abin da ke wannan shi ke wancan."

"Wa ya gaya maki? Wanda ya haɗa su sauri yake so, sai ya raba. Kowace murya rabinta na nan, rabi na can. Kika kwance su, kakarki ma ba za ki ƙara jin tarinta ba."

Ta sake duba allon, ta janye hannu kamar ta taɓa garwashi. "Wayyo! To me ya sa ba ka gyara ba tuntuni?"

"In zuba su a ina, a ƙwaryar kwakwa? Sau nawa na aika a kawo faifai, jirgi ya zo da kajin firiza."

Nan na gane shekarun nan duka shi kaɗai ya san faifai ɗaya na mutuwa komai ya tafi. Bai gaya mana ba, don ya san sai dai mu gyaɗa kai. Kunya ta kama ni, har yau ba ta sake ni ba.

Kwana uku suna kwashe muryoyin zuwa sabbin faya-fayan. Sai da Kawu ya buɗe ɗaya daga cikinsu ya ji Fakahula tana dariya tana ce wa wani tsoho, "Baba, ɗaga murya, ba gulma muke ba," sannan ya koma shuɗin allon ya kwance tsohon haɗin da kansa. Ya ɗaura sabo, kowane faifai riƙe da komai. Ya ce, "Yanzu ko ɗaya ya tafi, ɗayan ya san zancen." Finemata ta hau jirgin Juma'a, ɗakin ya koma shiru.

Kawu, kai ne ka tsaya lokacin da kowa ke haɗa jaka. Kai ne mai tsaron muryoyi, wanda ba a taɓa kiran sunansa a taro ba. Mun gode, duk da godiyar ta makara.

Idanunsa sun fara gajiya, yanzu sai ya manna fuska a allo kafin ya karanta. Ya ce bana zai ajiye aiki. Ku matasanmu na nan da na Auckland, faya-fayan sun sami na biyu, amma abin da ke cikin kan Kawu bai samu ba. Akwai kujera a gefen tasa, kullum da safe yana goge ta. Shekara shida ke nan, tun rasuwar Fakahula, ba wanda ya zauna a kai.