Bencin da Ya Riga Ni Zuwa Horo Birni

Ana kiran assalatu na bar gida a Sakkwato, zamanin tsuke bakin aljihu, lokacin da ko sabulu sai an yi layi. Ofishinmu na ilimi ne ya tura ni. Shekara da shekaru wata makarantar ƙauye ta wajen Horo Birni ba ta kai yaro ko ɗaya sakandare ba, alhali rahoto ya ce tana da bencuna da littattafai daidai da na birni. Aka ce in gano dalili. In lalacin hedimasta ne, a sallame shi.

Bodinga

Hantsi ya dubi ludayi a-kori-kura ta sauke ni, bayan 'yan sanda sun tsare mu sau biyu a hanya. Na fara da wata makaranta kusa da Sifawa, ita ma ba ta taɓuka komai. Aji fes, littattafai sababbi. Ina zama a bencin gaba sai ƙusa ta kama mini riga, ɓarak! Na yi tsaki, na haƙura. Na kwana gidan wani malamin asibiti, aka ba ni tuwon dawa da miyar kuka.

Shagari

Washegari motar albasa ta kai ni Shagari, na ƙarasa ƙauyen bayan babur. Hedimasta, Malam Umaru, dattijo ne ramamme. Ya tarbe ni a bakin makaranta.

Na shiga aji shida, na zauna a gaba. Ɓarak! Na duba. Wallahi ƙusar jiya ce, har da zaren rigata a jiki.

"Malam, wannan benci fa?"

Ya sunkuyar da kai. "Ranka shi daɗe, jakkai sunka kawo shi da asuba, da littattafan. Duk baƙon da za ya zo, kayan na riga shi. In ka tafi, su tafi."

Innalillahi! Ashe kaya ɗaya muke ta gani a makarantu barkatai, muna cewa kowa ya wadata.

Wata yarinya, Hajo, ta ƙanƙame littafin lissafi tana karantawa da sauri kamar mai cin tuwon aro. Na ce ta karanta a hankali mana.

"Sai an yi azahar za a amshe," in ji ta. "Malam, gobe ma kana zowa?"

Na juya na tambayi Malam Umaru labarinta. Jarrabawar shiga sakandare saura wata guda, ita kuwa ranar ce ganinta na biyu da littafin.

Komawa

Na iso Sakkwato bayan la'asar, na zarce ofis da yagaggiyar rigata na faɗi abin da na gani. Malam Umaru ya tsira da aikinsa, alhamdu lillahi, kuma na gode wa duk wanda ya ba ni masauki da ruwa. Hajo kuwa ta zauna jarrabawa, ba ta ci ba.