Burodi a Cikin Jaka

A tashar mota, wata malamar makaranta tana jiran mota ta cika, hankalinta yana kan wata mata mai jiki da ke zaune a ƙarshen benci. Mayafinta ruwan toka ne, zobenta ya nutse a yatsa. Tana gutsuro burodi a cikin jakarta ba tare da ta fito da shi ba, tana kaiwa baki da sauri, fuskarta na kallon bango. Wannan ƙwarewa ba ta yau ba ce. Wataƙila a gida akwai mai sa mata ido a kan kowace loma, ko miji, ko ƙanwa mai tsokana.

Idon malamar ya sauka daga bakin matar zuwa damtsenta, ya ɗan daɗe a can. Matar ta gani. Ta daina tauna, ta zuge jakar.

"Baiwar Allah," in ji matar, tana murmushin yaƙe, "tun safe ban sa komai a cikina ba."

Malamar ta buɗe baki za ta ce ai ba ta tambaya ba, sai ta kasa. Ta san ta tambaya. Har mota ta cika, matar ba ta sake taɓa jakar ba.