Ɗan Gara a Makarantar Tautau

Ƙyas, ƙyas, ƙyas. Ƙarar reza ce a jikin fensir, kuma da ita komai ya soma. Da an idar da sallar magariba sai mu jiyo ta daga ɗakin Baba, a gidan da muke haya a Makera, mu san yau ma babu hira da shi. Inna takan ɗora yatsa a leɓe ta harare mu. Iya kuwa, kakarmu wadda ta haifi Baba, sai ta gyara zama a bakin murhu ta ce, "To, ɓera ya fara aikinsa."

A shekarun hamsin ne, kafin a sami mulkin kai, ina 'yar shekara tara. Baba yana aiki a ofishin ayyuka, kullum ya hau keke ya haye gada. Aikinsa kwafe zanen gini: wani ya zana, shi ya shimfiɗa takarda mai shara-shara a kai ya bi layi da tawada. Akwai wata jarrabawa da in mutum ya ci za a ba shi takardar shaida, ya zama mai zana gini da kansa, ya sa hannu a ƙasa. Baba ya zauna mata sau ɗaya ya faɗi. An ce ya zana gidan ma'aikaci mai iyali, shi kuwa ya zana gida yadda ya tashi ya ga gida. Ya sa zaure mai karkatacciyar ƙofa don kada idon baƙo ya faɗa tsakar gida, bai buɗe taga ko ɗaya ta wajen titi ba, ya kuma juya makewayi don kada ya fuskanci alƙibla. Baturen da ya duba ya bi takardar da jan fensir, ya ce iska ba ta da hanyar shiga.

Sai ya ɗaura ɗamarar zama na biyu. A wannan karon kowa zai je da zanen gida cikakke, takarda shida, wanda ya yi da hannunsa a gida. Shekarun Baba sun kai iyakar da aka yanka, in wannan zaman ya wuce shi, ya wuce ke nan har abada. Wata biyu yana duƙe a kan allon zanen da maƙwabcinmu Malam Yohanna ya ara masa, yana koya wa hannunsa buɗe tagogin da zuciyarsa ba ta so.

Iya matar magini ce. Mijinta, Allah Ya jiƙansa, ya gina soraye a Zariya da tubali da azara, ma'auninsa kamu ne da taki, bai taɓa riƙe fensir ba. Baba shi ne ɗanta na fari, saboda haka ba ta kama sunansa, ba ta kallonsa ido da ido, ba ta yi masa magana kai tsaye. Ko yana tsaye a gabanta sai ta dubi bango ta ce, "A ce wa wancan ya miƙo buta." Kowa ya san alkunya ce, har yabonta ake yi a unguwa. Ta kuma ji cewa in ya ci jarrabawa za a ba shi gida a kwatas ɗin ma'aikata. Ta ce wa Inna, da ƙarfin da zai kai ɗaki, "Ni dai ba za a fitar da gawata ta ƙofar da ke kallon titi ba."

Ba zan yi mata ƙarya ba, ban taɓa jin mai tatsuniya kamarta ba. Damina ce, ruwa na ɗiga daga bakin kwanon rumfar girki, mu kewaye murhu, ni da ƙanena Iro da Ladi 'yar Malam Yohanna. Iya ta jera masara a gefen garwashi, ta ɗora ƙafafuna a cinyarta tana matsa mini su. Ƙanshinta na man shanu da hayaƙi har yau in na tuna sai idona ya cika. Tana iya maƙe murya ta zama sauro, ta buɗe ta zama kura. A wannan daminar ce ta fito da wata sabuwa, wadda ba mu taɓa ji a bakin kowa ba.

"Ga ta nan tafe da ƙafarta," in ji ta, "mai kunne ya tara."

Muka ce, "Mun tara, Iya."

Wai akwai wani ɗan gara, ubansa ya gina surin da ko giwa ta jingina ba ya motsi. Amma ɗan ya ce shi laka na ɓata masa hannu. Ya ɗaga kai ya hangi Tautau a saman tsamiya yana jan zare fari fes, layi bisa layi, sai ya tafi ya durƙusa ya ce a koya masa. Tautau ya ce ya gina gida a gani. Ɗan gara ya kwaɓa ƙasa ya yi gini irin na ubansa. Tautau ya shure da ƙafa takwas, ya ce, "Wannan kabari ne, je ka sake." Ɗan gara ya komo ya rufe kansa a rami yana koyon zare, har ya saƙa gida ya sa matarsa a ciki. Gida kuwa duk ƙofa ne. Matar ta shiga wanka, 'yan kasuwa suka ajiye kaya suka tsaya kallo.

A nan sai Iya ta tafa hannu ta ja waƙa, mu amsa:

Ɗan gara, ɗan gara, ina gidanka?
Ga shi a iska, ga shi a zare.
Matarka na wanka, kasuwa na kallo.

Mukan yi dariya har Iro ya kwanta a ƙasa. Tsakanin murhu da ƙofar ɗakin Baba bai fi taki goma ba, labule ne kawai a tsakani. Kullum sai mun roƙe ta ɗan gara, kullum kuma a kan waƙar take tsayawa. In mun ce a ƙarasa, ta ce, "Ƙarshenta bai nuna ba tukuna." Da safe ina kai wa Baba koko ina rera waƙar a bakin ƙofarsa. Ya karɓi kwano ya ce, "Allah Ya yi miki albarka." Ban taɓa tambayar kaina me ya sa Inna take tashi ta bar wurin da an soma ba.

Saura kwana huɗu jarrabawa aka wuni ana ruwa. Baba ya tafi masallaci sallar isha'i, Inna ta leƙa maƙwabta barkar haihuwa. Itace ya jiƙe, sai hayaƙi yake. Iya ta hura, ta hura, sannan ta dube ni.

"Sa'a, ƙawata, shiga ɗakin wancan. Akwai wasu takardu a naɗe a kan gado, ɗauko mini."

Na ce, "Iya, Baba ya ce ko kusa kada mu je."

"Ni na haife shi ko ke? Na banza ne, ya gama da su. Yi maza, masarar farko taki ce, kuma yau zan ƙarasa muku ɗan gara."

Na tafi da gudu. Allah Ya gani, da gudu na tafi.

Shekaru na yi ina gaya wa kaina ba ta san mene ne ba, tsohuwa ce da ba ta yi boko ba. Amma ina wurin. Ta warware takardar farko ta karkata ta wajen ɗan hasken garwashi, ta bi ta da yatsa kamar mai tsince shinkafa. Matar magini ce, ta san gida ko a kwance yake.

"Ga ƙofa, ga titi, baki da baki," in ji ta. "Ga taga, ga taga, ga wata tagar. Wannan gida ne ko akurkin kaji?"

Ta dunƙule ta ta tura ƙarƙashin itace. Irin takardar nan ba ta gardama da wuta. Ta bi da ta biyu, da ta uku, har shida, ba gaggawa. Itace ya kama, rumfa ta yi haske, Iro ya yi tsalle yana tafi.

Sannan ta ƙarasa mana. Wai ɗan gara ya koma wurin Tautau karo na biyu, ya ce a duba aikinsa. Tautau ya ce, "Madalla, saura zare ɗaya, na manyan malamai. Matso tsakiya in nuna maka." Ya matsa. Tautau ya naɗe shi tun daga ƙafa har wuya, ya tsotse shi sarai, ya bar ɓawon yana lilo a iska. 'Yan'uwansa suka bi ta ƙarƙashi da laka a baki, ko ɗaga kai ba su yi ba.

"Ƙurunƙus," in ji Iya, "yau kan ɗan gara ne, kusu ya huta. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Ku ja waƙa."

Muna cikin waƙar Baba ya yi sallama. Ya zo zai wuce, sai ya tsaya. A gefen murhu akwai wata 'yar kusurwar takarda da wuta ta rage, da layi biyu na tawada da ƙananan haruffan nan nasa masu kama da na inji. Ya sunkuya ya ɗauka. Ya juya ta. Ya dubi labulen ɗakinsa da na bari a yaye. Waƙa ta mutu a bakinmu, Ladi ta sulale ta gudu gida.

Ya durƙusa kamar yadda ya saba, ya ce, "Iya, barka da dare."

Iya ta juya masara, ta ce da murhu, "A ce wa wancan wuta ta kama, ya zo ya ji ɗumi."

Sai ya dube ni. Masarar farko tana hannuna, na gutsura sau biyu. Na rufe ido ina jiran mari, wallahi da ya mare ni da na fi samun sauƙi. Ya ce, "Sa'adatu, ci abinki kada ta huce." Ya shige ɗaki ya saki labule.

Ya gwada sake zanen. Malam Yohanna ya kawo masa sababbin takardu, ya tsaya a zaure yana cewa, "Malam Sule, ko biyu ka kai, ka gaya musu gobara ce." Baba ya ce, "In sun tambayi wa ya sa wutar fa?" Aikin wata biyu ba ya shiga kwana huɗu. Ranar jarrabawa ya sa fararen kayansa, ya hau keke, ya tafi ofis ya zauna a teburinsa na kullum. A kan teburin ya yi ritaya. Yaran da ya koya wa riƙe alƙalamin tawada suka riƙa miƙo masa zanensu ya kwafe. Iya ta rasu a gida mai zaure, kamar yadda ta so, shi ya yi jinyarta, shi ya kama makara ta gaba. Har ta koma ga Allah ba ta kira sunansa ba.

Ina makarantar sakandare na taɓa samunsa shi kaɗai, na durƙusa na ce ya yafe mini takardun nan. Ya ce, "Waɗanne takardu?" Ya ci gaba da gyaran sarƙar kekensa.

Na daɗe ina riƙe da darasin yadda Iya ta ba mu shi, cewa wanda ya raina sana'ar ubansa zai ƙare a bakin baƙo. Da na yi aure na haifi nawa ɗan farin, na kama kaina ina kau da kai in ya shigo, sai na fara ganin abin daban. Iya mace ce da al'ada ta rufe wa baki a kan ɗanta shekara talatin da wani abu. Ba ta da hanyar ce masa tana tsoro, ko tana kewar mijinta, ko kada ya kai ta inda ba ta san kowa ba. Ƙofa ɗaya aka bar mata, tatsuniya, ta kuwa bi ta cikinta da wuƙa, ta ba mu muka riƙe mata kube. Ina sa su biyun a addu'a, Baba da Iya. Nasa sunan yana fita da sauƙi. Nata sai na nisa.

Ban taɓa ba 'ya'yana wannan tatsuniya ba. Amma kwanan baya a gidana na Barnawa aka ɗauke wuta bayan magariba, jikata Hafsa, 'yar shekara shida, ta hau cinyata ta ce sai na yi mata wadda ba ta taɓa ji ba. Na lalubi kaina, ban san lokacin da ɗan gara ya fito ba. Na tsallake waƙar, amma na kai ta har ƙarshe, har ɓawon da ke lilo. Hafsa ba ta yi dariya ko sau ɗaya ba. Tana ta wasa da bakin mayafina, can ta ɗago kai.

"Hajiya, to shi ba shi da mama ne? Da ana cinye shi, ita tana ina?"