Rabin maganar da mahaifiyata ta ji

Shekarun baya, lokacin ina da 'yar rumfar gyaran waya a Kalgo, a bakin hanyar da ɗalibai ke bi zuwa jami'a, na yi wani ciniki da har yau in na tuna sai jikina ya yi sanyi. A lokacin wata uku ke nan da rasuwar mahaifina a gidanmu na Gwandu.

Kwana huɗu kafin ya cika, ƙanwata ta ɗauki muryarsa a waya. Ba da wata manufa ta yi ba. Ranar ya ɗan samu sauƙi yana ta magana, sai ta kunna ta ajiye wayar a kan kujera can ƙarshen gado. Ana cikin haka mahaifiyata ta kira ta daga madafa, ta fita ta manta da wayar. Minti goma sha biyu ta yi tana ɗauka. Ciwo ya riga ya cinye muryarsa, ga wayar da nisa, don haka ko mu masu lafiyar kunne sai mun kasa sosai muke tsintar kalma ɗaya ko biyu.

Ita kuwa mahaifiyata kunnenta ya daɗe da yin nauyi. Takan karɓi wayar ta manna a kunne, ta yi ta saurare, can ta miƙo mana ta ce, "Ku kun ji shi. Ni ban ji komai ba." Tana cikin takaba, ba ta fita ko'ina, wannan maganar kuwa ta riƙa bina har Kalgo.

Abokina da ke sayar da kayan waya kusa da rumfata shi na kai wa kuka. Ya ce akwai wata 'yar na'ura, amfilifaya, ba ta fi akwatin ashana ba. Ana haɗa ta tsakanin waya da abin sawa a kunne, sai ta ƙara ƙarfin sauti. Ya nuna mini iri uku a wayarsa. Ta farko kuɗin kaji biyu. Ta biyu kuɗin tunkiya. Ta uku, da ya faɗi kuɗinta sai da na sa ya maimaita, domin ta kusa kuɗin babur na hannu.

Na yi dariya har da buga cinya. Ni fa mai gyara ne, a ganina babu abin da ke cikin ƙarfe da ban sani ba. Na ce, "Duk batir ne da 'yan wayoyi a ciki. Sunan kamfani kawai ake sayar muku."

Ya ce, "Ba ƙara kaɗai ake saye ba. Mai arhar nan ba ta zaɓe, duk abin da ta samu ɗagawa take yi, har da shara."

Na ce shi dai ya kawo mini ta kaji biyun. Da ta iso ma sai da na tsaya ina taya ta kamar mai sayen albasa, har ya rage mini wani abu don in bar masa shago. Na gwada ta da waƙa, ta kusa fasa mini kunne, na ce to me ya rage? Muryar mahaifina kam ban gwada da ita ba. Zuciyata ba ta kai ba tukuna.

Ranar Juma'a na hau mota zuwa Gwandu. Bayan an sauko daga masallaci na shiga gida. Rana ta take, unguwa tsit, ko kaji sun shige inuwa. Mahaifiyata na zaune kan tabarma a ƙarƙashin rumfa, ƙanwata na gefenta. Na haɗa komai, na sa mata a kunne, na kunna.

Ba zan manta fuskarta ba. Ta ɗago kai kamar an yi sallama a ƙofa. Ta ce, "Shi ne. Wallahi shi ne." Hawaye na zuba tana murmushi, tana gyaɗa kai kamar yana gabanta. Na ji a raina ni ne ɗan da ya fi kowa dabara a duk ƙasar Gwandu.

Wajen minti na bakwai murmushin ya ɗauke. Ta sa hannu ta dafe abin kunnen, idonta a ƙasa. Sai ta cire shi a hankali, ta dubi ƙanwata.

"Wa ke cikin ɗakin bayan kin fito?"

"Ba kowa, Inna. Shi kaɗai na bari."

"Akwai mace."

Na karɓa na mayar baya na saurara. Wani shuuu ya cika kunnena, kamar ruwan sama a kan kwano. A cikinsa na ji mahaifina, da muryar nan tasa da ta gaji, yana cewa, "Ina innar yara?" Sai wata murya ta amsa, muryar tsohuwa, a nutse, ba gaggawa. Ta kira shi da wani suna na ƙuruciya wanda ban ƙara jin an kira shi da shi ba tun ina firamare. Ta ce, "Tana tahe." Bayan nan ta ƙara wani abu, amma shuuu ɗin ya haɗiye shi.

Na cire abin daga kunnena.

Mahaifiyata ta ce, "Muryar kakarku ce. Ita kaɗai ke kiran shi haka." Kakar tamu kuwa ta fi shekara ashirin a ƙasa. Ta naɗe hannuwa a cinya, ta ce a hankali, kamar da kanta take, "Ya tambaye ni, an ce mashi ina tahe."

Na yi ta surutu, na ce na'ura ce, na ce ƙarar batir ce. Ba ta yi musu da ni ba. Ta ce kawai in kashe.

Daga ranar ta canza. Ba kuka take ba, ba kuma firgita ta yi ba, da hakan ne ma da sauƙi. Shiri ta fara. Ta fito da zannuwanta ta raba wa maƙwabta. Ta nuna wa ƙanwata inda ta ajiye farin yadi a ƙasan akwati. Duk matar da ta shigo gaisuwa sai ta nemi gafararta. Abinci kuwa loma biyu ta ture kwano. Limamin unguwarmu ya zo har zaure, ya yi mata nasiha ta bayan labule cewa wanda ya tafi ba ya dawowa ya yi magana, kuma ajali ba wanda ya san shi sai Allah. Ta ce, "Na sani, Malam. Amma kunnena ya ji." Matar da ta yi shekaru ana ɗaga mata murya, yau ta ji abu da kanta, wa zai ce mata ba ta ji ba?

Bayan mako biyu ƙanwata ta kira ni tana kuka. Ta ce, "Yaya, Inna ta rame. Jiya da ƙyar ta tashi alwala. Kai ka kawo abin nan, ka san yadda za ka yi."

Na tafi shagon abokina da faɗa, kamar shi ya tilasta mini. Ya bar ni na gama, sannan ya ce irin waɗannan masu arha wani lokaci har tashar rediyo suke jawowa. Ya ce akwai wani malamin jami'a da ke sayen kaya a wurinsa, wanda aikinsa bin ƙauyuka irin su Dalijan yana ɗaukar maganar tsofaffi don nazarin harshe. Yana da irin ta kuɗin babur ɗin nan da na yi wa dariya.

Na samu malamin a ofis da hantsi. Mutum ne mai sanyin magana, ya saurare ni har ƙarshe bai katse ni ba. Ya buɗe aljihun tebur ya fito da na'urar a naɗe cikin ƙyalle. Ba ta fi tawa girma sosai ba, sai dai nauyi. Ya ce kusan shekara ya yi yana tara kuɗi kafin ya saye ta, domin tsofaffi ba sa ɗaga murya, kuma kalma ɗaya in ta ɓace masa ba lalle ya sake samun mai ita da rai ba. Ya fara saurara shi kaɗai tun daga farko har ƙarshe, idonsa a rufe. Sannan ya miƙo mini.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne shiru. Babu shuuu ko kaɗan. Sai na ji ni a cikin ɗakin mahaifina. Ga numfashinsa, ga ƙarar gadon in ya motsa, ga kaza a tsakar gida, can nesa wani gida ana daka. Na ji mahaifiyata ta kira ƙanwata. Na ji shi ya ce, "Ina innar yara?" Sai muryar tsohuwar, tar, kamar a kafaɗata take: "Tana tahe. Bari ta sauke tukunya." Mahaifina ya ce, "To."

Bari ta sauke tukunya! Na yi dariya a ofishin mutumin nan har na koma kuka, ya miƙo mini ruwa.

Bai yarda ya ba ni aron ta ba, ban kuma ga laifinsa ba. Amma ya ce zai kai ni Gwandu da motarsa. Washegari ya zauna a zaure, ni na shiga da ita ciki kamar mai ɗauke da ƙwai. Da ƙyar mahaifiyata ta yarda ta sa. Sau uku ta ce a mayar mata wurin.

Ta ce, "Tukunya?"

Ƙanwata ta ce, "Ai ranar kunu kike dama masa, Inna. Shi ya sa kika kira ni in kawo tsamiya."

Sai mahaifiyata ta tafa hannu ta ce, "Goggonku ta Malisa ce! Muryarta ɗaya da ta uwarta, kuma ita ma ta san sunan. Ta leƙo ta gan shi ta wuce, ni ina madafa da kunnen nan nawa, mi zan ji?" Goggon da take nufi yayar mahaifina ce da ke aure a Malisa. Ta dubi ƙanwata ta ce, "Ke, akwai sauran tuwo?" Ranar nan da hannunta ta zuba wa baƙon fura, ta ce a kai masa zaure a gaya masa Allah ya yi masa albarka.

Muna hanyar komawa Kalgo ina ta zuba godiya, malamin ya ce, "Ƙofar ɗakin nan ta ƙarfe ce ko?"

Na ce e, tsohuwa ce, in an taɓa ta har maƙwabta sai sun ji.

Ya ce, "Sau biyu ta yi ƙara a cikin minti goma sha biyun nan. Fitar ƙanwarka da dawowarta. Tsakaninsu ban ji takun kowa ba. Ban kuma ji sallama ba."

Na ce wataƙila ta taga aka yi maganar, akwai taga da ke kallon lungu.

Ya ce, "Wataƙila." Ni kuwa ban gaya masa cewa tagar tana can sama ba, inda ko ni sai na taka wani abu nake leƙawa.

Bayan wata guda na je Malisa gaida goggo. Na same ta zaune ta miƙe ƙafa, ƙafar ta kumbura kamar turmi. Muna hira na ce, kamar da wasa, "Goggo, ashe kin leƙo Baba a makon da zai rasu?"

Ta ce, "Ni? Da ƙafar ga? Wata biyu na yi ban taka ƙofar gida ba. Ban ga ɗan'uwana ba sai ranar da aka ɗauko ni a mota, an riga an yi mashi wanka. Abin da ke cina ke nan har yau." Ta share ido da bakin zane. Na ba ta haƙuri, na kawo wata hirar.

Ban taɓa gaya wa mahaifiyata ba. Ita ma, duk haɗuwar da suka yi da goggo bayan nan, a suna da biki da gaisuwar mutuwa, ban taɓa jin ta tambaye ta ba. Na daɗe ina ɗauka mantawa ta yi. Yanzu ina ganin ta fi ni wayo ne kawai. Ta ƙara shekara tara a duniya, ta goyi 'ya'yan ƙanwata uku.

Ba na ce muku na san wanda ya yi maganar nan ba. Mai yiwuwa wata maƙwabciya ce ta tsaya a lungu, mai yiwuwa wani abu ne da hankalina bai kai ba. Allah ne masani. Abin da na sani shi ne na kusa rasa mahaifiyata saboda na kai mata rabin magana, kuma rowata da ji da kaina suka yanke ɗaya rabin. Ba kowa ke buƙatar mai tsada ba, wanda waƙa zai ji a kan babur ta kaji biyu ta ishe shi. Amma in wani ya zo yanzu yana dariyar kuɗin, nakan tambaye shi abin da zai saurara da ita tukuna, da kuma wanda zai sa wa a kunne.

Daga baya ni ma na tara na sayi mai kyau. Muryar mahaifina tana nan, na sauya waya huɗu ina kwashe ta. Wani lokaci in na yi kewarsa nakan rufe shago da rana, in zauna in saurara. Nakan ji numfashinsa, in ji kazar, in ji an kira ƙanwata, in ji ƙofar ta yi ƙara ta rufu. Daga nan nake kashewa.